Fitilar Zobe

Ƙarfe bakwai na yamma aka ce in saka,
haka yarjejeniya ta ce, da sa hannuna a ƙasa:
kwalbar man kwakwa a hannun dama,
murmushi, daƙiƙa talatin, sunan kamfani sau biyu.
Na amince tun a watan Yuli,
lokacin kogin Marikina na kwance a gadonsa
kamar tsohon kare da ya ƙoshi.

Yau ya miƙe.
Jiniya ta yi kuka sau uku a bakin gada,
ruwa ya hau matakala ta huɗu,
ya kwashi silifas ɗin Lola Iluminada ya tafi yawo da su.
Ƙanena Rodel ya fita da kekensa mai ƙafa uku tun hantsi.
Wayarsa sai cewa take a sake gwadawa.

Ni kuwa, Divina mai girki,
mai mabiya dubu tamanin da 'yan kai,
ina saman bene da bidiyon shekaranjiya:
kaza cikin ruwan tsami da tafarnuwa,
ga ni ina dariya, leɓe ja wur,
dariyar da yau ban san mai ita ba.

Babban yatsana ya tsaya cak a kan maɓalli.
In na saka, a ce gari na nitsewa ita tana suya.
In na yi shiru, injin da ke rabon idanun mutane
ba ya zaman makoki da kowa,
mai gidan haya ba ya karɓar uzurin gajimare,
maganin hawan jinin Lola ba ya zubowa daga sama.
Gaba kura, baya sayaki.

Na saka.

Minti biyu, wani mai hoton zakara ya rubuta:
"Ba ki da kunya."
Na karanta sau shida,
don ya riga ni ne kawai faɗa.
Can wata ta ce:
"Muna kwance kan kwali a ajin makaranta.
'Yata ta daina kuka, tana kallon yadda kike yanka albasa.
Kar ki goge."
Na riƙe maganganun biyu, ɗaya a kowane hannu,
babu wadda ta fi wata nauyi.

Sai wuta ta ɗauke.

Fitilar zoben nan tawa,
shekara uku tana ɓoye min ƙuraje,
tana sa miya ƙyalli fiye da ɗanɗanonta,
ashe akwai sauran caji a cikinta.
Na goya Lola, na lulluɓe ta da labulen banɗaki,
muka haye rufin kwano.
Na ɗaga fitilar sama da hannu bibbiyu
kamar mai tallar wata.

Batirin waya saura tara.
Na buɗe kai tsaye, ba hoda, gashi a jiƙe.
Maƙwabta na jefo sunaye daga rufi zuwa rufi,
ina cafewa ina maimaitawa:
gida mai koren ƙofa, tsoho ɗaya, ba ya tafiya;
bayan shagon Mang Teban, mai ciki wata takwas;
Rodel, shekara ashirin da uku, riga ruwan ɗorawa,
duk wanda ya gan shi.
Mutum ɗari huɗu ne suka kalla.
Kaza ta samu dubu goma sha biyu.

Kwalekwale ya zo ƙarfe biyun dare.
Matuƙin ya ce wani ne ya turo masa kwatance,
farin zoben kuma shi ya bi.
Na leƙa fuskokin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Da asuba, a layin caji na zauren coci,
saƙo biyu suka shigo tare.
Na farko daga baƙuwar lamba:
"Ate, ina raye. Keken ya tafi."
Na biyu daga kamfani, da fatan muna lafiya,
suna tuna min cikin ladabi
cewa sau ɗaya na ambaci sunansu.

Lola na barci da ƙafa ba takalmi.
Na juya kyamara gare ni, na daɗe ina kallo,
ina neman fuskar da zan saka gobe.