Allura a Bene na Uku

A bene na uku, saman shagon taliya a Sendai,
inda tururin romo ke biyo matakala,
muka jeru mu goma sha shida, kowa da allonsa a tafi.
Ruwa na dukan taga. Ba mai ɗaga kai.

Dodanni shida gare ni, biyar 'yan rakiya ne.
Ta shidan na raɗa mata Allura:
siririya, ƙashinta kamar ƙwan fitila,
iska ma sai ta bi bayanta tana haki.
Bugu ɗaya take yi,
bugu ɗaya ke gamawa da ita.

Bara ita nake fara sakowa,
don zuciyata ba ta san jira ba.
Kuwabara, tsohon direban bas mai farin gashi,
ya tare ta da kunkurunsa na dutse,
ya shanye saranta kamar an yayyafa masa ruwa,
sannan ya sa mata shanyewar ƙafa.
Na zauna ina kallon gudu ya koma rarrafe.
Sauri ya haifi nawa, a gaban mutane.

Daga nan na koma lissafi.
A kantin da nake aikin dare,
tsakanin mai sayen madara da mai sayen sigari,
nake juya rasit in rubuta lambobi a bayansa:
wa ke gudun ɗari da tamanin, wa ke da tamanin da ɗaya.
Na rage mata fata, na rage mata numfashi,
na sayo maki ɗaya tak na hanzari.
Chihaya, ƙanwata, ta ce na haukace.

Yau ga shi kuma a gabana, da kofin shayinsa.
Na ɓoye ta.
Na tura bushiya ta watsa ƙaya a ƙofar filinsa,
duk wanda ya shigo sai ya taka.
Na tura kwaɗo ya ɗiga wa kunkurun dafi,
kaɗan, kaɗan, kamar rufin da ke yoyo.
Yana da wani biri mai tsallake layi,
wanda naushinsa ke riga kowa isa komai gudunka;
na miƙa masa bauna ya huce a kanta
har ya gaji, har ya faɗi.
Huɗu nawa sun tafi. Hannuna na zufa.
Na bar na biyar ya mutu da gangan,
don ƙofa ta buɗe ba tare da an mare ta ba.

Sai na ce, fito.

Kunkuru ya tsage. Maciji bai gama ɗaga kai ba.
Saura ɗaya, wanda ya adana tun safe:
shaho, shi ma ɗan iska, shi ma ƙwan fitila.
Muka danna tare.
Ɗakin ya yi tsit har ina jin cokali a ƙasa.
Ɗari da tamanin da ɗaya nasa.
Da biyu nawa.

Ya daɗe yana duban allon,
sannan ya miƙo hannu, na ba shi rasit ɗin,
ya karanta ta bayan kuɗin madara, ya yi dariya.
Ya ce, shekara talatin ina bin hanya ɗaya,
na san ba mai fara tashi ke fara isa ba,
amma ban zaci allura za ta tono min garma ba.

A zagaye na gaba wani yaro, Rintaro, ɗan shekara goma sha ɗaya,
ya gane wasan tun kafin in watsa ƙaya.
Na sako ta a makare, ta kai sara, ta kuskure.
Na sauka ƙasa na sayi taliya mai zafi,
na roƙi mai shagon biro,
na juya sabon rasit.