Hanci Ba Alƙali Ba Ne

Satwant, yau wata goma sha huɗu
da kika bar mini madafin nan da tukwanensa,
da littafinki mai tabon kurkur a gefe
inda kika rubuta: kaza ta kwana cikin kindirmo.

To, ta kwana.
Na daka citta da tafarnuwa har kafaɗa ta yi tsami,
na rufe kwano na sa a firij
kamar mai kwantar da jariri.

Da hantsi na kai ta tanderun Balkar a bakin layi.
Ya ce, Baba, kai da ko shayi ba ka iya ba?
Na ce, gasa mini, bar surutu.

Man shanu ya narke. Kirfa, kanumfari uku,
kin rubuta uku, kin ja layi biyu a ƙasa.
Albasa ta yi launin zuma,
tumatir ya dahu ya saki jiki,
na niƙa yazawa, na tace miyar
don kin tsani ɓawo a haƙori.
Sai na rage wuta. Kirim ba ya son gaggawa:
zuba shi a tafasa, ya tsinke, ya ba ka kunya.
Ina murje busasshen ganyen hulba a tafin hannu
sai na ji ki tsaye a bayana.
Ban juya ba.

Duk don Jasnoor ne, jikarmu.
Gobe jirgin ƙasanta zai iso Amritsar.

Na bi dokarki.
Kafin awa biyu na raba miyar a kwanoni marasa zurfi
don ta huce da wuri,
na rufe, na rubuta Talata a kan murfi,
na tura su can ciki, ba bakin ƙofa ba.
Kwana uku, kika ce, na huɗu rabon bola ne.
Wanda za a ci kaɗai ake ɗumamawa,
sau ɗaya, har tururi ya fito daga tsakiyar tsoka.
Cokalin da ya shiga baki ba ya komawa.

Ƙarfe tara na dare wuta ta ɗauke.
Watan Yuni. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Na kwanta a saman rufi ina jin karnuka,
ina cewa yanzu za su kawo.
Ba su kawo ba sai goma na safe.

Na buɗe firij, ɗumi ya tarbe ni.
Na ɗaga murfi na shinshina:
lafiya lau! Ja, tana sheƙi, ƙamshi kamar jiya.
Kaza guda, kirim, yazawa mai tsada, ga kafaɗata.
Zuciya ta ce, wa zai sani?

Sai na tuna bikin ɗan ƙanenki a Batala,
mutum goma sha bakwai ana ƙara musu ruwa,
Jasnoor 'yar shekara biyar, leɓenta ya bushe,
kina riƙe da hannunta kina cewa:
ita ma waccan miyar ƙamshi take yi.
Hanci ba alƙali ba ne.

Na zubar. Ko karen layi ban ba wa ba.
Na wanke kwanoni da ruwan zafi, na kife.

Ta iso da jaka a baya, ta ce, Kaka, ina miyar?
Na nuna mata bola. Ta yi dariya har da riƙe ciki,
sannan ta ga littafin, ta yi shiru.
Ta naɗe hannun riga. Ta ce, kai daka cittar.
Awa ɗaya tak kazar ta samu a kindirmo.
Mun ci da gurasa tun tukunya na huci,
ba mu rage wa firij ko loma ba.

Kanumfari huɗu ta sa, Satwant.
Na gani. Ban ce komai ba.