Littafin Ɗaki na Tara

A Hull, gidan tsofaffin da ke bayan tashar bas,
ɗaki na tara, nan Wilfred yake.
Tamanin da bakwai, hannunsa na karkarwa.
Ni ke ba shi magani, ni ke gyara masa matashi.
Ran nan ya nuna akwati da haɓa:
"Ciro littafin can, Tasalla. Ni na rubuta shi
tun kaina yana baƙi.
Mutum ɗari uku suka saya, rabinsu dangin matata."

Bango ya cinye, takarda ta yi launin shayi.
Shafi uku nake karanta masa kowane dare.

Labarin wani gari ne, ba kurkuku, ba bulala,
ba ɗan sanda a bakin titi.
Kowa dai an ba shi 'yar na'ura mai zaƙin murya,
ta tare a kunne kamar 'yar gida.
Kafin ka yi tambaya ta kawo amsa.
In fushi ya taso, ita ke zaɓa maka abokin faɗa.
Ita ke gaishe maka da mahaifiya,
'yar'uwarta ke amsawa daga can,
har tsohuwa ta yi wata bakwai a ƙasa
gaisuwa ba ta yanke ba.

Nan na kife littafin.
Na ce, Wilfred, ka cika mugun fata.
Ya yi dariya har ta zame masa tari.
"Ni ba boka ba ne, yarinya.
Abin da muke so na gani,
na ja shi kamar roba in ga inda zai tsinke."

Bakwai na safe, yayyafi na bin gilashin bas.
Na ƙirga mu: ashirin da uku,
kawuna sunkuye kamar masu tsince shinkafa.
Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe, lemunta ya gangara har gaban direba.
Ba wanda ya ɗago.
Na buɗe baki zan yi tsaki
sai na ga abin da ke tafin hannuna,
yana haske, yana jira.

A gida na ce, Mahadi, ya ka ga sabon malaminku?
Ya ce, bari in duba me ake cewa.
Na zauna rubuta wa yayata a Funtuwa:
"Yaya Uwani, ina..."
waya ta cike da "lafiya".
Na aika.
Kewarki nake nufi.
An ce zumunta a ƙafa take;
tamu ta hau babban yatsa,
yanzu ko yatsan ana ɗauke masa aiki.

Ranar Talata hukumar gida ta kawo allo mai magana,
ɗaya a kowane ɗaki, wai abokin hira,
aka rage mana awa biyu.
Ya san sunan matar Wilfred, ya san sunan karensa da ya mutu,
ba ya hamma, ba ya ciwon baya.
Wilfred ya juya shi ya fuskanci bango
kamar yaron da ya yi laifi.

Muka kai ƙarshe, ashe babu ƙarshen.
Shafi goma sun ɓace, ko ɓera, ko ƙaura.
Na ce, to, ya aka yi da mutanen garin?
Ya ce, "Wallahi na manta."
Hannuna ya nufi aljihu.
"A'a. Ke me kika gani?"

Na yi shiru.
Shirun ya yi nauyi, agogo na ta sara.
Tunanina ya miƙe da ƙyar,
kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta,
yana ɗingishi, yana tsira min allura.

Na ce, wata mace ta cire tata,
ta tafi da ƙafa ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.
Ya ce, "Shirme! Wa zai buɗe mata?"
Na ce za a buɗe.
Ya ce ba za a buɗe ba.
Muka yi ta musu,
shayinsa ya huce, bas ɗina ya wuce,
ruwa na ta zuba a Hull.