Yatsu Biyu na Haske

Daga Sidni zuwa Santiyago, awa goma sha biyu da ɗoriya,
ni aka jefa kujerar tsakiya.
Na tsakiya ba shi da taga, ba shi da hanya,
wajen ɗora gwiwar hannu ne duk gadonsa.

Da aka kwashe tire, aka rage fitilu,
marafan tagogi suka bi juna, ƙas, ƙas, ƙas,
ba tare da an yi shela ba.
Muka haɗa baki, mu ɗari uku,
muka ƙirƙiro dare da rana tsaka
don kowa ya samu ya rintsa.

Sai tsohuwar da ke damata, Herminia Catrileo,
ta sa farce ta ɗaga nata.
Yatsu biyu kawai.
Hasken ya shigo kamar an zare wuƙa,
ya tsallake ni, ya sari Lachlan a ido,
saurayin da ya kwana bakwai a ramin ma'adinai
yana bin barci bashi.

Bai yi mata magana ba. Ni ya zungura.
Ya ce, gaya mata.
Aka ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi,
wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a tsakiya ba.

Wa ke da taga?
Wanda ya biya kuɗin gefenta,
ko wanda haskenta ke faɗa wa a fuska?
Ina cikin wannan shari'a, ba alƙali,
ma'aikaciya ta zo a kan tafin ƙafa,
ta durƙusa, ta yi raɗa da Sifaniyanci.
Tsohuwa ta ja marfi. Ƙas.
Ba ta ce uffan ba. Ta haɗe hannuwa a cinya.
Ni kuwa kunya ta hana ni barcin da aka ƙwato mini.

Can na ji motsi.
Ta ɗauki bargon jirgi, wannan siririn mai ƙaiƙayi,
ta rufe kanta da tagar gaba ɗaya,
ta danne gefe da kafaɗa, ta toshe ƙasa da jaka.
Ko ɗigo bai zubo ba.
Ta daɗe a ciki, bayanta na rawa kaɗan-kaɗan.
Sai hannu ya fito, ya ja hannun rigata.

Na shiga.
Numfashinmu ya haɗu, nata na ƙamshin lemo.
Ƙasa can, teku ya daskare ya farfashe
kamar farantin tangaran da ya suɓuce,
a tsakanin tsagogin wani shuɗi
wanda ban san sunansa ba a kowane harshe.

Ta ce mijinta kuku ne a jirgin ruwan kamun kifi.
Duk dawowarsa daga kudu sai ya ce
ƙanƙarar can shuɗiya ce.
Shekara arba'in tana ce masa giya ce ke magana.
Bara aka binne shi.
Ta goge gilashin da gefen hannu, ta ce,
dubi, ashe bai ƙara gishiri ba.

Gani ya kori ji, amma ya makara.

Na fito ido na yaji.
Lachlan ya ture abin rufe idonsa zuwa goshi,
yana kallon bargon da ke numfashi.
Ya ce, mene ne a ciki?
Na tashi, muka yi musayar wuri,
gwiwa na bugun gwiwa, wani a baya ya yi tsaki.
Minti biyar, in ji shi.
Har aka kawo shayi ina riƙe da filonsa.

Da za mu sauka aka ce kowa ya buɗe taga.
Tsaunuka suka cika kowane gilashi, kyauta,
mutane na laluben takalma a ƙarƙashin kujera.
Herminia ta ninke bargon gida huɗu,
ta tambaye ni ko ana bari a tafi da shi.