Shirun da Malam Alman Ya Bari

Sunansa Gotfirid, harshenmu ya ƙi ɗauka,
muka ce Alman, ya amsa.
Da akwati biyu ya sauka Maradi:
ɗaya tufafi, ɗaya takardu masu layi biyar-biyar.

Ranar farko a lakwal ɗin Bagalam bai buɗe littafi ba.
Ya kai mu bakin titi, ya nuna wayoyin lantarki
inda tsuntsaye suka jeru.
"Ga waƙa nan," in ji shi, "saura mai karantawa."
Muka yi dariya har Rabe ya ƙware.

Ubansa mai gyaran kayan kiɗan majami'a ne
a garin da ruwa ke daskarewa cikin randa.
Shi kuwa shekara talatin yana koyarwa,
yana tsara kiɗan da mutum arba'in ke bugawa tare.
Kunnen hagu ya mutu tun yana ɗan bakwai,
shi ya sa yake karkata kai
kamar kaza mai duban shaho.

Ya zauna gindin turmin Tsahara a Mokoyo,
ya rubuta lugudenta tsaf,
har tafin da take yi in ta cilla taɓarya sama.
Gurmin Ɗan Lele ne ya kayar da shi.
Akwai wata murya a tsarkiyar nan,
ba ta kan layi, ba ta ƙarƙashinsa.
Kwana tara yana farautarta da alƙalami,
na goma ya ninke takardar, ya yi fifita da ita,
ya ce: "Yau ni ne ɗalibi."

Bai taɓa yaba mini ba.
"Kana cika magana da sarewa, yaro.
Bar mata wurin numfashi."
Na ƙullace shi har damina biyu.

Bana, bayan gulbi ya janye, saƙo ya iso daga ɗiyarsa:
ya rasu ranar Talata, ga aikinsa na ƙarshe.
Shafi goma sha tara, baƙi ƙirin da ɗigo,
sai wani fili a tsakiya, fari fat,
ya rubuta da Hausarsa mai ɗingishi:
"Nan Tsahara tana hutawa."

Yanzu ni ke riƙe da allin.
Jiya na fitar da yara bakin titi.
Babu tsuntsu ko ɗaya a kan wayar.
Na ce su tsaya, su saurara.