Layi Uku a Takarda

Ran da aka kira sakamakon bak a farfajiyar lise,
lasifika na tari, rana na tsakar ka,
na ji sunana ya fito a karkace, kamar an taka shi.
Ban yi ihu ba. Na zauna kan dutse,
sai da ya ƙone ni sannan na yarda da kunnuwa.

Sai ga takarda: layi uku, zaɓi uku.
Inna ta ce, "Rubuta likita, Mutari.
Ka ga yadda Barira ta tafi a kan tabarma
muna jiran mai farar riga har gari ya waye."
Kawu Lawali ya aiko yaro daga kasuwar Dole:
"Shari'a, a Yamai. Can ake zama mutum,
nan kuwa sai ƙishi da tsufa."
Abokina Sanda ya zaɓi Maraɗi
don idon wata Cima, ya kuma gaya wa kowa.

Baba bai ce uffan ba.
Shi tun asuba yana layin famfo a Garin Malam,
bido goma sha biyu a kura,
kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka.
Shekara ashirin yana sayar wa gari
abin da garin ya rasa a ƙarƙashin ƙafarsa.
A kan bido na koyi ƙidaya,
na koyi jira a bakin famfon da ba ya zubowa.

Dare uku alƙalami na shawagi bisa layin farko.
A na huɗu unguwa ta kwana ba ɗigo.
Na hau duwatsun Birni, inda awaki ke tuƙa,
na kara kunne jikin wani mai kama da giwa a durƙushe.
Wauta ce, na sani. Amma na tambaye shi:
kai da ka danne mu tun kafin kakanni,
ina ka ɓoye mana ruwa?

Da safe na rubuta: ilimin ƙasa da duwatsu,
jami'ar nan ta gida, tafiyar kabu-kabu ɗaya.
Layi na biyu na ba Inna.
Na uku na ba Kawu, don kar a daina gaisawa.

Sai wahalar dosiye.
Tambur, hoto huɗu, fotokofi mai hatimin magajin gari.
Matar bayan taga ta ɗaga tabarau:
"A takardar haihuwa kai Mutari ne,
a ta bak kuma Muktari. Wanne ne ya zo?"
Harafi ɗaya tal
ya sa ni zirga-zirgar kwana tara
tsakanin kotu da lise, takalmi na cinyewa.

A na taran kuɗi suka ƙare.
Baba ya zazzage gwangwanin madara a tabarma,
ƴan dala goma, ƴan dala ashirin, wasu da sauran danshi.
Yana ƙirgawa ya ce, "Wai me za ka karanta?"
Na ce dutse.
Ya dube ni, ya dubi gari, ko'ina ka juya dutse.
"Wannan da muke da shi kyauta?"
Na ce, "Abin da ke ƙarƙashinsa, Baba."
Ya daɗe yana murza kafaɗa.
"In ka samo, ka kashe mini sana'a ke nan."
Sai ya yi wata dariya da ban san yana da ita ba,
ya turo kuɗin: "Yi maza, ina son hutawa."

Yau an manna sunaye a bangon jami'a.
Na bi da yatsa, shafi na uku, can kusa da ƙasa:
Mutari Bra, ba ragi, ba ƙari.
Kawu bai kira ba tukuna.
Inna ta ce dutse ma ai Allah ya yi shi,
ta juya ta ci gaba da tankaɗe.
Ni kuwa da ƙafa zan koma,
in tari Baba a hawan Sabon Gari,
in kama kurar ta gefe guda mu tura.
Litinin ta farkon wata ake farawa.