Tanda Ta Huce

Ƙarfe uku na dare har yau nakan farka,
ba agogo, ba bugun Pam a ƙofa.
Jiki ne bai samu labari ba
cewa tandar Unguwar Rogo ta huce.

Shekara tara ina kwaɓa fulawa
kafin ladanin titin Bauci ya gyara murya.
Sanyin Jos na cizon kunne a waje,
mu a ciki muna sharce gumi,
ni da Pam da Nanle da yaron nan Ɗan'asabe
mai gutsurar ɓawon gefe, baki cike, yana rantsuwa.

Buhu ya tashi. Na ce zai sauko.
Ya ƙara tashi. Na rage wa burodi nauyi.
Mai shayin Farin Gada ya auna shi a tafin hannu,
ya dube ni, bai ce uffan ba.
Da ma zagina ya yi.

Sai makarantar kwana ta ba ni kwangila,
ɗari shida kowace safiya.
Na shiga banki hula a karkace don murna,
suka ce kawo mai tsaya maka.
Yaya Barira ta tono takardar filinta na Rikkos
daga ƙasan akwati, tana ƙanshin kafur,
ta dangwala yatsa, ta goge tawadar a gefen zani.
"Ai kai ne," in ji ta.

Zango biyu ina kai burodi bashi.
A na uku aka canja shugaba.
Sabon ya buɗe fayil, ya rufe:
"Ban ga sunanka ba, Malam Tanimu."
Yara kuwa sun ci, sun yi ƙiba, sun tafi hutu.

Ruwan banki ba ya jiran damina.
Yana zuba da rani, yana zuba ran Sallah,
ya zuba makon da aka hana fita
har burodi ɗari huɗu ya yi fumfuna a kan katako.

Sammaci ya zo a kan babur.
Na koyi kalmomin da ban je nema ba:
mai ƙara, wanda ake ƙara, an ɗage.
An ɗage zuwa Maris.
An ɗage, alƙali ya yi tafiya.
Lauyana Dalyop mutumin kirki ne,
amma kowane an ɗage da kuɗin mansa.
Na sayar da janareta na biya shi
ya kare mini injin da ba ya motsi sai da janareta.

Ranar gwanjo an tashi da yayyafi.
Injin kwaɓin da na ɗauko tun daga Anaca
aka yi masa kuɗin tsohon keke.
Wani ya ƙwanƙwasa gwangwanayen gashi yana taya su da kilo.
Pam na tsaye a tsallaken titi, hannu a aljihu,
yana bi na albashin wata uku,
ya zo ne ya kama mini kaya.
Suka maƙala kwaɗo, suka manna takarda,
ruwa ya jiƙa hatimin kafin su kai kwana.

Filin Rikkos kuwa...
A bar wannan.
Har yau Yaya tana aiko mini gwate ran Juma'a.
Da za ta daina, wataƙila da na yi barci.

Abu ɗaya kotu ba ta sa a lissafi ba:
leda dubu goma sha biyu masu sunana,
da zangarniyar alkama, da lambar wayar da na kashe.
Hansatu na ƙulla gyaɗa a ciki, ɗari ɗari.

Jiya na ga guda a kwatar Terminus,
ta maƙale a ƙarfe, ruwa na wanke ta.
BURODIN TANIMU, CI KA BA DA LABARI.
Na daɗe a tsaye.
Na sa tsinke na kife ta,
sannan na tsallaka na sayi burodin wani.
Na matsa shi da yatsa biyu kamar yadda na saba.
Shi ma ya fara rage nauyi.